Mas'alar Sake Zanen Taga a Manhajar Kwamfuta

Daga cikin mas'alolin da ke rikita masu koyon rubuta manhaja a cibiyoyin kwamfuta na bakin titin Zariya, tun daga Unguwa Uku har Gyaɗi-Gyaɗi, akwai wata wadda ake raina ta, alhali kuwa a kanta fannin zane ya ginu. Ɗalibi zai rubuta umarni cewa in an danna maɓalli a zana jar da'ira a cikin taga, ya danna, da'ira ta fito. Amma da zarar ya sauke tagar ya sake ɗago ta, sai ya tarar da fili fari fat, ya kama zargin inji.

Haƙiƙanin al'amari kuwa, tun fitowar Windows a 1985, zamanin da ƙwaƙwalwar inji ba ta da yalwar da za ta riƙe hoton kowace taga, ƙa'idar da aka shimfiɗa ita ce, duk sa'ad da wani sashe na taga ya tonu ko girmanta ya sauya, sai tsarin ya aika wa manhaja saƙon WM_PAINT, ita kuma wajibinta ne ta sake zana sashen nan take. Java ma haka ta bi: a cikin paintComponent ake zane, repaint kuwa roƙo ne kawai, tsarin ke zaɓar lokacin amsawa. Misalin irin wannan manhaja kamar gardin da ke wanke allonsa ba tare da fargaba ba, domin karatun yana cikin ƙirjinsa, ko yaushe aka nema zai sake rubutawa. To, haka ya kamata a adana wurin da'irar da faɗinta da launinta a ma'ajiyar manhaja, aikin maɓalli ya tsaya ga sauya waɗannan bayanai da neman a sake zane.

Hikimar wannan tsari ita ce tattalin ƙwaƙwalwa, illarsa kuwa ba ta ɓuya ga wanda ya yi aiki da Windows XP ba, inda manhaja kan sanƙare, a ja wata taga a kanta, ta bar sawu jere reras. Sauƙin da ya biyo baya ma bai rasa nasa aibin ba, gama AutoRedraw na Visual Basic, da kuma Windows Vista da ta shiga kasuwa a 2007 tana riƙe wa kowace taga hotonta, sukan lulluɓe kuskuren a wasu lokuta ba tare da sun kawar da shi ba, har ɗalibi ya kammala karatu bai san yana da shi ba.

Saboda haka muna kira ga malamai da kada su karɓi aikin zane daga ɗalibi sai sun sauke tagar sun ɗago, sun kuma ja gefenta sun faɗaɗa. In zanen ya tsaya daram, to, ya fahimci darasin.