Wasan da Ba a Cinsa: Sharhi a kan Jigon Rashi a That Dragon, Cancer

1.0 Gabatarwa

A Hausa, "wasa" kishiyar "gaske" ce. Saboda haka ɗalibin da ya ji an shirya wasan kwamfuta a kan mutuwar yaro, zai iya ɗauka an yi rashin ta-ido. Wannan takarda za ta dubi wasan That Dragon, Cancer da yadda jama'a suka karɓe shi, sannan ta auna shi da ma'aunin makoki a unguwannin Zango na Akra, wato Nima da Mamobi.

2.0 Jigo da Zubi

Ryan Green da matarsa Amy, mutanen Amurka, su suka shirya wasan tare da abokan aikinsu. Tauraronsa ɗansu ne, Joel, wanda aka gano yana da ciwon daji a ƙwaƙwalwa yana ɗan shekara 1, ya rasu a Maris 2014 yana da shekara 5. Wasan ya fito a Janairu 2016, ana kuma gama shi cikin kamar awa 2.

Ƙarfinsa yana cikin zubinsa. A bisa al'ada, mai wasa yana danna maɓalli ne don ya ci nasara. Amma a wata fitowa, mai wasa ne uban, yana ɗakin asibiti, yaron yana ta kuka. Ya ba shi abin sha, ya amayar. Ya rarrashe shi, kukan ya ƙaru. Babu maɓallin da zai tsayar da kukan, sai da uban ya koma ga addu'a sannan yaron ya yi barci. A nan zubi ne ya ɗauki jigo, domin gazawar uban ta zama gazawar yatsun mai wasa. Rauninsa kuwa shi ne, a wasu wuraren sarrafa shi yana da wuya, har ya kawar da hankali daga labarin.

3.0 Martanin Jama'a

Martanin ya kasu uku. Wasu sun yaba, har aka ba shi lambar Games for Impact a bikin The Game Awards na 2016. Wasu sun ce jinyar yaro ba abin sakawa a wasa ba ce. Kashi na uku sun kalle shi ne kawai a YouTube ba su saya ba, abin da Ryan ya koka a kansa a 2016. Waɗannan sun ji labarin, amma ba su ɗanɗani gazawar da aka gina shi a kanta ba.

4.0 Ma'aunin Zango

Wanda ya tashi a Nima ya san makoki iri biyu. Maƙwabtansa Ga da Akan sukan ajiye gawa makonni, a yi jana'iza da kiɗa, har a Teshie a sassaƙa akwatin gawa mai siffar kifi ko mota. A Zango kuwa akan binne mamaci a ranar ko washegari, a yi addu'a, a ce wa iyaye "sai haƙuri". Ga kuma kunya, wadda ke hana uba bayyana zafin rashin ɗansa a gaban mutane. Da wannan ma'auni, Ryan ya faɗi abin da Bahaushe kan haɗiye.

To amma mene ne zaman makoki? Mutum ya je ya zauna a tabarma tare da mai rashi, alhali ya san ba abin da zai iya gyarawa. Wannan zaman shi wasan yake sa mai wasa ya yi.

5.0 Kammalawa

An ga cewa sunan "wasa" ne ya jawo rabin sukar, domin aikin ya fi kusa da marsiyya. Ana son ɗalibi ya tattara kalmomin gaisuwar mutuwa da ake amfani da su a unguwarsu, ya tantance waɗanda ke umurni da haƙuri da waɗanda ke amincewa da zafin rashin, sannan ya faɗi sunan da ya fi dacewa da irin wannan aiki a Hausa.