Gajimare ne, ko rumbun wani?

A ruwan da ya yi ɓarna a Maraɗi ƙarshen watan Agusta 2024, wani abokinmu na wannan ƙungiya ya rasa littafin da ya yi shekara biyu yana rubutawa. Ba sai na faɗi sunanshi ba, kun san shi. Bangon ɗakin da yake haya ya zube, kwamfutar ta kwana cikin laka. Da muka je jaje na ce mishi, "Ai kana da kwafi, ko?" Ya ce yana da shi, har biyu ma: ɗaya a kile USB, ɗaya a tsohuwar wayarshi. Duk cikin jaka guda suke da kwamfutar.

An rasa rayuka a ruwan nan, don haka ba wanda ya tsaya kukan littafi, shi ma bai yi ba. Amma tun daga lokacin, duk wanda ya ji labarin magana guda yake yi: "Mi ya hana ya sa shi a gajimare?" Shawarar ba ta da laifi. Kalmar ce nake da ja a kanta, don mu masu rubutu ya kamata mu fi kowa tsoron kalmar da ke sa mutum barci.

Turawa suka raɗa sunan, mu kuma muka fassara ido rufe. In ka ji gajimare, sai ka ɗauka abu ne can sama, wuta ba ta cin shi, ɓarawo bai kai gare shi. Alhali gini ne a ƙasar wani, cike da kwamfutoci, yana shan lantarki dare da rana. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, gini ɗaya ya ƙone ƙurmus. Wasu da suka biya kuɗi don a riƙa yi musu kwafi sai daga baya suka gane kwafin nasu a wuri guda yake da na asali. Kuskuren abokinmu ke nan, sai dai nasu ya fi tsada.

Kakata a Jiratawa ba ta san intanet ba, amma ta san ajiya. In za ta kai hatsi rumbun wani, sai ta tambayi nawa zai ɗauka, har yaushe zai riƙe, kuma wa zai iya zuwa ya karɓa in ba ta nan. Mu da muke jami'a ba mu yi wa Google ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba.

Jiga 15 yake ba da wa kyauta, kuma ba na rubutu kaɗai ba ne: Gmail, Drive da hotuna duk a ciki suke. Tun 2024 har kwafin WhatsApp na wayoyin Android ana lissafa shi a ciki. Wato bidiyon biki da wa'azin da aka turo maka sau bakwai su ke cinye wurin da ka yi niyyar sa memwar ɗinka. In ya cika, sabon kwafi bai shiga, wasiƙa ma ba ta shigowa. Batun "har yaushe" kuwa, tun Disamba 2023 kamfanin ya fara aiki da ƙa'idar cewa asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba ana iya share shi.

Tambaya ta uku ta fi damuna, don nan ne muke faɗuwa. Mutum nawa cikinmu ne wani ya buɗe wa asusu a siber, ya zaɓa mishi kalmar sirri, ya rubuta a ƴar takarda da ta ɓace tun bara? Asusun yana ɗaure da lambar waya, mu kuwa muna sauya layi kamar riga. Ranar da wayar ta ɓata, za a aika lambar tabbatarwa zuwa layin da ka yar tuntuni. Rumbun yana nan, hatsinka na ciki, kai ne dai mai gadi bai gane ba.

Akwai kuma ruɗanin da ban ji ana magana a kai ba. Manhajar da ke daidaita kwamfutarka da Drive madubi ce. Ka share fayil nan, ya tafi can ma. Kwana 30 yake yi a kwandon shara, shi ke nan.

To, kada a ce na goyi bayan masu cewa abin ba namu ba ne. Na san hujjarsu. Mun ga yadda aka yi a Agusta 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, muka riƙa yawo da caja a aljihu kamar goro. Abokiyarmu da ke zuwa daga Tibiri takan ce wani lokaci sai ta shigo gari take samun rezon kirki. Kuma gaskiya ne, ɗora kwamfuta sukutum a intanet, jiga ɗari ko fiye, an tsara shi ne don mai wutar da ba ta ɗaukewa da katin banki. Da forfen jika guda ba za ka yi shi ba. Amma wa ya ce sai duka? Littafi mai shafi 200, in ba hotuna a ciki, da wuya ya kai mega ɗaya. Bidiyo guda na minti biyu ya fi shi nauyi. Wallahi ba talauci ya hana mu ba.

Abokin namu ya sake farawa, yana babi na huɗu. Duk Juma'a yana aika abin da ya rubuta, da kwanan wata a jikin sunan fayil ɗin, zuwa adireshina da na yayarshi a Damagaram. Ɗan littafin nan da ke hannunku kuwa, da duk waɗanda muka fitar kafin shi, a kwamfuta ɗaya suke, cikin ɗaki ɗaya a Zariya. Na duba da idona. Ina roƙon a sa maganar cikin zaman ranar Asabar, kuma kowa ya zo ya gwada shiga asusunshi daga wayar da ba tashi ba, a gabanmu.