Inci Biyu Tsakanin Inji da Lagireto

Motar da Amurkawa ke kira hotrod ba daga kamfani take fitowa ba, mutum ne ke haɗa ta da hannunsa a gareji. Abin ya faro ne a kudancin Kalifoniya a shekarun 1930, inda samari ke sayen tsofaffin motocin Ford da arha, su cire duk abin da ke ƙara musu nauyi, su je tsere a busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage. Wadda aka fi ƙauna har gobe ita ce Ford ta 1932, mai siririn gaba dogo. An ƙera wannan gaban ne don injin V8 mai ƙarfin doki 65, wanda shi kansa ya yi suna wajen ɗaukar zafi saboda hanyoyin hayaƙinsa ta cikin jikin injin suke ratsawa. Yau kuwa sai ka ga an cusa mata V8 na Chevrolet, irin wanda ya fara fitowa a 1955, an ƙara masa ƙarfi ya haura doki 300. Zafi ya ninku, gaban motar yana nan yadda yake, domin ba wanda zai yarda a faɗaɗa shi ya ɓata mata kyau. Bakaniken da ya iya sa fanka a wannan matsi, ni a wurina ya fi mai yi mata fenti cancantar yabo.

Ya san lokacin da ake bukatar fankar. In mota tana gudu a buɗaɗɗen titi, iskar da ke bugun gabanta ta ishi lagireto. A cunkoso ake jin jiki, ko a jerin gwanon baje koli inda ake tafiyar hawainiya cikin rana. Shi ya sa in aka kawo masa mota tana zafi, tambayarsa ta farko ita ce: a tsaye take yi ko a guje? In a tsaye ne, iska ce ba ta isa. In a guje ne, sai ya bar fanka ya koma kan lagireto da ruwa da saitin wuta.

Daga nan sai awo. Fankar gargajiya a hancin famfon ruwa take zama, fambel yana juya ta, kuma sau da yawa abin da ya rage tsakanin hancin da lagireto bai wuce inci biyu ko uku ba. Injin Chevrolet yana da famfo iri biyu, dogo da gajere, bambancinsu ya ɗan haura inci ɗaya, kuma wannan incin ya sha ceto aiki. Sai dai canja famfo yana jawo canja duk faifan da fambel ke bi, don dole su tsaya a layi guda. Akwai kuma matsalar tsayi. Masu hotrod suna son inji ya zauna ƙasa, lagireto kuwa dogo ne, sai cibiyar fanka ta faɗo can ƙasa, rabin lagireto na sama, inda ruwa mafi zafi ke shigowa, ya zauna ba iska. Wasu kan sa wani ƙarfe da ke ɗaga famfon sama da 'yan inci don fanka ta dawo tsakiya.

Inda gwaninta ta fi fitowa shi ne rigar fanka, wato kwanon da ake lanƙwasawa ya rufe bayan lagireto baki ɗaya, ya tsuke kamar mazurari zuwa zagayen da fanka ke juyawa a ciki. Fanka tsirara iskar da ta fi kusa take ja, ta gefe, ta sama, ta ƙasa, ba ruwanta da ko ta ratsa lagireto. Rigar ce ke tilasta wa kowace iska bi ta cikin ƙwayar lagireto kafin ta kai ga fuka-fukan. Ba a sayar da wadda ta dace da motar da babu irinta a duniya, don haka bakanike kan fara yanka ta da kwali, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa, sannan ya zana a kan alminiyam ya yi walda. Fuka-fukan su shiga rigar kamar rabi, rabi a waje. In sun nutse duka, iska ta riƙa kewaya a ciki. In sun fito duka, rigar ta zama ado. Tsakanin bakin fiffike da rigar ana barin rabin inci zuwa inci ɗaya, domin inji yana zaune kan roba, yana karkata idan aka taka totur, ita kuwa rigar a jikin lagireto take daram. Wanda ya manta da wannan motsin zai ji ƙarar ƙarfe yana cin ƙarfe.

Ga wani tarko da ke kama ko tsofaffin hannu. Injinan da ke amfani da fambel guda ɗaya mai zagaye komai, da yawansu baibai suke juya famfon ruwa, saboda haka fankarsu daban ce. Kife fanka gaba ya koma baya ba ya sauya inda iska ke nufa, ƙarfinta kawai yake ragewa. Sai an samo wadda aka lanƙwasa don wannan juyin.

In wuri ya ƙi sam, sai a koma fankar lantarki. Masu kishin tsohon yayi suna ƙyamarta, suna cewa baƙar roba ba ta dace da motar 1932 ba, kuma ina ganin hujjarsu ta fuskar kyan gani. Amma ita ce ke juyawa da cikakken ƙarfi lokacin da inji ke numfashi a hankali, daidai lokacin da ta fambel ta fi rauni. An fi so a sa ta a baya tana jawo iska, don wadda ke gaba tana tare wani sashe na fuskar lagireto. Babba takan ci amfiya 20 ko fiye, musamman a tashin farko, don haka tana bukatar waya mai kauri, da fis, da rile, da altaneta mai iya ɗaukar nauyin. Ana haɗa ta da makunnin da ke jin zafin ruwa, ya kunna ta sama kaɗan da inda tamostat ke buɗewa, wanda galibi digiri 82 ne a ma'aunin Salshiyos, in ba haka ba ta yi ta juyawa ba hutu. Gwani ba ya ɗaure ta da robobin nan da ake zurawa ta cikin ƙwayar lagireto. Girgiza takan sa su cinye bututun a hankali har ya fara yoyo. Ƙafafun ƙarfe yake yi mata a jikin firam.

Iskar da ta shiga kuma dole ta sami mafita. Layukan tsagar da ake hudawa a bonet ɗin hotrod, waɗanda mutane ke ɗauka kwalliya ce kawai, ta nan zafin ke ficewa.

Gwajin ƙarshe ba ya bukatar na'ura. A ta da inji, a kai takarda gaban lagireto, a tsakiya da kowace kusurwa. In ta manne a ko'ina, rigar tana aiki. Daga nan a rufe bonet, a bar motar tana aiki a tsaye cikin rana kamar rabin awa, ana duban allurar zafi. In ta hau ta tsaya wuri guda, an gama; in ta ci gaba da hawa, sai a koma kan kwali da almakashi.