Boxer ko Jincheng: ƙarko da me ake auna shi?

A rumfunan gyaran babur daga Unguwar Gano har Gyadi-Gyadi, an daɗe da yanke hukunci: Boxer ba ya mutuwa, Jincheng kuwa kullum tana wajen bakanike. Masu bidiyon kwatanta babura a TikTok ma abin da suke nanatawa ke nan. Ba musu nake yi cewa Boxer na da ƙarko ba. Hujjar da ake kafawa ce ba ta gamsar da ni.

Tun farko ma ba injin iri ɗaya ake kwatantawa ba. Jincheng AX100, wadda 'yan acaɓa suka cika Kano da ita kafin gwamnatin jiha ta hana sana'ar a watan Janairun 2013, injinta mai bugu biyu ne: ba shi da bawul, kuma yana ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa take hayaƙi. Boxer na kamfanin Bajaj mai bugu huɗu ne, da bawul da sarƙar da ke juya su, baƙin mansa kuma yana zaune a ƙasan inji.

Masu tseren babura a kan tudu da taɓo a Turai da Amurka sun sha wannan gardamar, tsakanin irin su Yamaha YZ250 da YZ250F. Abin da suka fahimta shi ne, mai bugu biyu yana yawan neman fistin da ringi, amma gyaransa mai sauƙi ne kuma mai araha. Mai bugu huɗu yana jimawa bai nemi komai ba, amma ranar da bawul ya daki fistin, aljihu zai ji a jikinsa. To wanne ya fi ƙarko? Sai ka faɗi wanda kake nufi: yawan lalacewa, ko tsadar kowace lalacewa. A rumfa ana cakuɗa su ne.

Abin da ya fi burge ni a wajensu shi ne ma'aunin. Ba kilomita suke ƙirgawa ba, awannin da inji ya yi yana aiki suke ƙirgawa, har ƙaramar mita suke ɗaura wa babur saboda haka. Littafin Honda CRF450R ya ce a canja baƙin mai bayan kimanin awa 15. Ba a ce mai Boxer ya bi wannan lissafi ba, injin tsere daban ne. Amma ka duba babur da ya tsaya cikin cunkoson titin Zariya da rana tsaka: injin na juyawa, iskar da ke sanyaya shi ba ta kaɗawa, mitar kilomita kuma ko motsi ba ta yi. Idan ma tana aiki ke nan, don yawancinsu wayar ta daɗe da tsinkewa.

Sai batun shaidu. Tsohon Boxer da ake nuna maka yana tafe lafiya, shi ne wanda ya tsira. 'Yan uwansa da suka mutu suna Ƙofar Ruwa an farfasa su, ba wanda ya lissafa da su. Sannan wanda ya biya kuɗi da yawa ya sayi babur ya fi saya masa baƙin mai na ƙwarai da wanke matatar iska lokacin hunturu. Ƙurar da ta wuce matata kuwa goge silinda take kamar yashi, ko tambarin wane kamfani ne a jikin tanki. Wani kaso na ƙarkon da ake yaba wa Bajaj, na mai babur ne.

Inda Boxer ya yi nasara ba gardama shi ne shan mai. Mai bugu biyu yana zubar da wani ɓangare na feturinsa ta salansa ba tare da ya ƙone ba. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200 ana iya kau da kai. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, lita ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, arhar fistin ɗin Jincheng ta daina rufe abin da take ƙonawa kullum a hanya.