GICCIYEN DA MUKE RATAYA WA 'YAN MATAN LITTAFI

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ƙorafi ne a kanmu mu marubuta, kuma ni ce ta farko a layi, don an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Duk wadda ta daɗe tana karatun littattafan nan namu da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, ta san wata yarinya da ke yawan leƙowa a cikinsu. Ita ce mai ƙwace mijin tauraruwa. Da an ce ga ta nan, kin san kwalliyarta tun kafin a faɗa: matsattsen wando, ƙarin gashi har gadon baya, cingam a baki, sannan a ƙarasa da siririyar sarƙa mai gicciye tana reto a ƙirjinta. Shi ke nan an gama da ita. Marubuciya ba ta wahalar da kanta wajen nuna mana halin yarinyar ba, sarƙar ta isa shaida. A wani littafin kuma sai a mai da gicciyen laya, a ce da shi ta mallake Alhaji. Ba zan kama sunan littafin kowa ba, nawa ma ya ishe ni misali.

A littafina na farko haka na yi. Lokacin muna zaune a Bagudo, maƙwabciyata wata dattijuwa ce mutuniyar ƙasar Zuru, Kirista, tana ɗinki. Mama muke ce mata. Daren da naƙudar farin ɗana ta tashi maigidan ba ya gari, ita ta tsallako ta riƙe ni har asuba, ita ta dafa mini ruwan wanka kafin mahaifiyata ta iso. Da littafin ya fito, da ɗokina na kai mata kyautar guda. Bayan kwana uku sai ga ta da shi a hannu, ta zauna a bakin tabarma ta ce, "Ɗiyata, na sa an karanta mini. Labarin ya yi daɗi. Amma wagga sarƙa da kika rataya ma 'yar iskar ga, kin san ko mi ce ce?" Na buɗe baki, wallahi na rasa abin cewa. Ashe duk zaman da muka yi, ban taɓa tambayarta ma'anar abin da ke wuyanta ba, ga shi har na sa shi a littafi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da ta gaya mini ran nan, da wanda na bi na karanta daga baya, shi ne zan taƙaita muku, yadda masu abin suka ɗauke shi.

Asalin gicciye itacen kisa ne. Rumawa ne suke kafa shi don hukunta bayi da 'yan tawaye, a tsirara, a bakin hanya, don kowa ya gani ya ji tsoro. Mutuwa ce ta wulaƙanci da babu mai fatan ta ga maƙiyinsa. Kiristoci sun gaskata cewa a kan irin wannan itace aka kashe Yesu Almasihu, wato Annabi Isa (AS) a wurinmu, a wani wuri da ake kira Golgota a bayan birnin Ƙudus, zamanin gwamnan Rumawa Bilatus, wajen shekara ta 30 ko 33 ta Miladiyya, ranar Jumma'a, kuma ya tashi ran Lahadi. Jumma'ar ce suke tunawa da ita kowace shekara kafin bikin Ista.

To me ya sa mutum zai rataya alamar wulaƙanci a wuyansa? Mama ta ce a imaninsu zunubi bashi ne da ɗan Adam ba zai iya biya da kansa ba, sai Almasihu ya ba da ransa hadaya ya biya a madadin mutane. Shi suke kira fansa, shi suke kira ceto. Ta ce idan ta dubi gicciye abu uku take tunawa: an ƙaunace ta har an mutu dominta, an yafe mata don haka dole ita ma ta yafe, kuma mutuwa ba ita ce ƙarshe ba. Ta ce a littafinsu, yana kan itacen ya roƙa wa masu buga masa ƙusa gafara. Ta ƙara da cewa, "Mu in mace tana haƙuri da ciwo ko talauci ko mugun miji saboda Allah, cewa muke tana ɗauke da gicciyenta." Nan jikina ya yi sanyi, don na ga abin da na mayar tambarin rashin kunya, a wurinta tambarin haƙuri ne da sadaukarwa. Na tambaye ta ko yana tsare ta daga maita ko sammu, ta yi dariya ta ce ƙarfe ne kawai, tuni yake yi mata, ba ya tsare kowa.

Su kansu ba bai ɗaya suke a kansa ba. 'Yan Katolika suna sa siffar mutum a jikin nasu don tuna wahalar, suna zana alamarsa da hannu a goshi da ƙirji da kafaɗu, suna kuma bin matakai 14 na hanyar gicciye a lokacin azuminsu. Su Mama kuwa nasu fanko ne ba kowa a kai, wai don ya riga ya tashi. Kuma kusan shekara 300 na farko Kiristoci ba su cika bayyana shi a fili ba, sai bayan da Sarkin Rum Kustantin ya ɗauke shi alamar rundunarsa a shekara ta 312. Ita kanta kalmar gicciye Hausa ce tsantsa, daga gicciya abu, kuma da ita suke karatu a Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, aikin da Likita Mila na Zariya ya yi fice a cikinsa. Da ita matan zumunta ke waƙa ran Lahadi, da harshen nan da nake rubutu da shi.

Kada wata ta ce Hajiya ta fara wa'azin coci. A'a. Ni Musulma ce, kuma aƙidata a fili take: Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 157 da ta 158, ya tabbatar mana ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba, kamanta musu aka yi, Allah ya ɗauke shi zuwa gare shi. Mu a wurinmu babu mai ɗaukar nauyin zunubin wani, ƙofar tuba a buɗe take tsakanin bawa da Ubangijinsa. Na gaya wa Mama haka ido da ido, ta ce ta sani, ba ta sauya ba ban sauya ba, muka ci gaba da miƙa wa juna tuwo ta katanga. Saɓanin babba ne, ba na rage shi. Amma addinin da ya gaya mini gaskiyar Annabi Isa, shi ne ya hana ni ƙarya da ƙazafi, shi ne a Suratul An'am, aya ta 108, ya hana mu zagin abin da wasu ke kira, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Ki ce ban yarda da abin da suka yarda da shi ba, wannan haƙƙinki ne, wajibinki ma. Ki ce gicciye laya ce ko alamar karuwanci, wannan ƙarya ce kika yi musu.

Ta fuskar rubutu ma lalaci ne. Marubuciyar kirki da aiki da magana take gina muguwa, mu ga ƙaryarta, mu ga makircinta, mu tsane ta da hujja. Wadda ta rataya mata sarƙa ta wuce, gajeriyar hanya ta bi, ta ari ƙiyayyar da ke zuciyar mai karatu ta yi jari da ita. Kuma ku lura, a irin waɗannan littattafai da wuya ki ga mai gicciye tana jinya, ko tana koyarwa, ko tana goyon maraya. Ke nan duk matan da muka sani, malaman makarantarmu da ungozomomin asibiti da abokan cinikinmu, an share su an bar mana mutum ɗaya, ita ma ƙirƙirarriya.

Mu mutanen bakin iyaka ya kamata mu fi kowa gane wannan. Ƙasar Bagudo ba ta ƙabila ɗaya ba ce, ga Hausawa da Fulani, ga Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa, ga baƙi daga Zuru da kudu. Wadda ta taɓa bi ta Illo ta fita Lolo ta tsallaka Madekali zuwa kasuwar Malanbil a Jamhuriyar Benin, ko ta bi ta Tsamiya zuwa Segbana, ta san cewa mai auna miki shinkafa ko yanka miki atamfa wata rana da gicciye a wuyanta za ki same ta, wata rana da carbi a hannu. Ba sarƙar kike dubawa ba, mudun kike dubawa ko ya cika. To don me za mu koya wa 'ya'yanmu akasin haka a littafi? Yarinya 'yar shekara 14 da ta karanta irin wannan sau goma, ranar da aka zaunar da ita benci ɗaya da mai sarƙa a makaranta, ta riga ta yanke mata hukunci kafin su gaisa. Kuma rubutu ya fi zarar bunu, shi ba ya dawowa, daga hannu zuwa hannu yake yawo a shagon haya har bangonsa ya yage.

Shawarata ga 'yan uwana marubuta guda biyu ce. In labarinki bai buƙaci addinin muguwar ba, ki bar wuyanta haka nan, mugunta ba ta da coci ba ta da masallaci. In kuwa ya buƙata, to matambayi ba ya ɓata, ki shiga gidan maƙwabciya ki tambaya, ki rubuta abin da ta ce yadda ta ce, sannan ki faɗi naki. Ku kuma masu karatu, idan kun ci karo da irin wannan yarinya a shafi, ku tambayi kanku: me ta aikata da aka nuna mini, ban da abin da aka rataya mata?

Da na zo sake buga littafin nan, na cire sarƙar, na ƙara shafi uku na makircin yarinyar. Ko mutum ɗaya bai rubuto ya ce ya yi kewar sarƙar ba, wasu ma cewa suka yi ta fi ba su haushi. Na aika wa Mama sabon bugu can Zuru inda ta koma, ta aiko mini da ƙullin dawa da saƙo a bakin ɗan aike: a gaida ɗiyata, a ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya tsare alƙalumanmu daga zalunci, ya shirye mu baki ɗaya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Kuskuren da ke ciki nawa ne, a yafe ni.

Taku har kullum, sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.