Jinjina ga Masu Gyaran Allon Batir

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano akwai masu gyaran da aikinsu ke burge ni ƙwarai: masu farfaɗo da batiran fitilar sola, fanka da kwamfuta.

Galibi ƙunshin batirin lithium yana da ɗan allo mai gadinsa, kada wata ƙwaya ta wuce bolt 4.2 wajen caji, ko ta zube har ta lalace. To, sai a kawo allon ƙwaya 4, alhali 3 ne suka rage da lafiya. In aka bar ƙafar allon da babu ƙwaya haka nan, allon zai ɗauka ƙwayar ta mutu, ya yanke wuta. Sai maigyara ya sa tabarau ya karanta lambar na'urar da ke kan allon, ya tabbatar tana karɓar 3, kamar BQ76920 mai ɗaukar 3 zuwa 5. Ya haɗe ƙafar da maƙwabciyarta da dalma, ya auna da mita, ya sake aunawa. Caja ma sai ya sauya ta daga bolt 16.8 zuwa 12.6, domin sakaci a nan gobara yake haifarwa.

Ba don haƙurinsu ba, da mai shayi da ɗalibi sun jefar da fitilun da ba su da kuɗin sake saya. Allah ya yi wa hannuwansu albarka.