Breaking Bad: Malamin Makaranta Ya Zama Dodo Muna Ta Yi Masa Tafi

Jama'a, duk wanda bai kalli Breaking Bad ba, wallahi an bar shi a baya! Vince Gilligan ne ya ƙirƙiro shirin, tashar AMC ta Amurka ta haska shi daga 2008 zuwa 2013. Kashi 62 ne a zango 5, kuma babu ko ɗaya da zan ce ka tsallake.

Walter White malamin kimiyyar sinadarai ne a wata sakandare da ke Albuquerque, jihar New Mexico. Albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, har sai ya haɗa da aiki a wurin wankin mota. Yana cika shekara 50 likita ya ce masa yana da kansar huhu. Sai ya nemo tsohon ɗalibinsa Jesse Pinkman suka shiga haɗa ƙwaya, wai don ya bar wa iyalinsa abin rufin asiri.

Tun a zangon farko marubutan suka tona masa asiri. Tsofaffin abokansa masu hannu da shuni sun ce za su biya kuɗin maganinsa, ya ƙi. Girman kai ne ke cin Walter, iyali kuwa mafaka ce kawai. Duk da haka sai ka tsinci kanka kana fatan ya tsere wa hukuma, alhali mijin ƙanwar matarsa, Hank, jami'in yaƙi da miyagun ƙwayoyi ne, kuma Walter ɗin yake farauta bai sani ba.

Bryan Cranston, wanda ya fito a matsayin Walter, kam Allah ya yi masa baiwa. Dubi daren da Jane, budurwar Jesse, take shaƙewa da amai cikin maye. Walter ya zabura zai taimaka, sai ya tsaya cak. Ya tsura mata ido har ta cika, hannu a baki, hawaye na zuba. A fuskarsa kaɗai za ka ga tausayi da mugun lissafi suna kokawa. Ba banza ba ya lashe kyautar Emmy ta gwarzon jarumi har sau 4.

Ga kuma Giancarlo Esposito a matsayin Gus Fring, mai gidajen sayar da soyayyar kaza, mutum mai ladabi da murmushi, alhali a ɓoye shi ne uban gidan su Walter a harkar ƙwaya. A farkon zango na 4 ya shigo ɗakin haɗa ƙwaya bai ce uffan ba, ya cire kwat ya rataye a natse, ya sa rigar aiki, ya yanka yaronsa Victor da wuƙar yanka kwali, ya wanke jikinsa, ya umarci kowa ya koma bakin aiki. Tsigar jikina sai da ta tashi!

Aaron Paul ma ya yi bajinta a matsayin Jesse, domin ɗan ƙwayar nan shi ne ya fi kowa sauran imani. Shawarata: a kori yara, don akwai jini da ashar, sannan kada ka kunna shi a daren da za ka yi sammako.